Baƙar Ƙasar Matiyu

Faɗanmu na farko da Matiyu a kan kara aka yi shi. Karan dawa, busasshe, wanda a lokacin ko akuya sai ta ga dama take waiwayarsa.

Ni toka ce sana'ata. Duk matar da ta taɓa kaɗa kuɓewa ko karkashi a unguwar Shamaki ta san hannuna. Da kaka, in manoma sun kwashe amfaninsu, sai in bi gonakin bayan gari ta hanyar Dukku in tara kara, in cinna masa wuta, in kwaso tokar a buhu in zo gida in tace, in dafe ruwanta in sayar wa masu miya. Haka uwata ta yi, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta wa ya ba ta izini. A wajenmu in an yanke zangarniya, abin da ya rage a gona na duk wanda ya sunkuya ya ɗauka ne.

Akwai wani fili a gangaren kwari da muke kira Sanƙo, don ko ƙaya ba ta fita a kansa. Da rani fari fat yake yi, kamar an barbaɗa garin rogo. A nan nake ƙona karana, saboda babu ciyawar da wuta za ta bi ta shiga gonar wani. To, wata shekara na isa sai na tarar da kara tsibi guda a tsakiyar Sanƙo, an jera shi tsaf. Na ce Allah mai kyauta, yau wani ya yi mini wahalar. Na zaro ashana ke nan sai na ji murya daga bayana.

"Mama, kar ki kunna."

Na juya. Dogon mutum ne, baƙi, siriri, da malafar da gefenta ya zare, da takalmin roba na damina a tsakiyar rani.

Na ce, "Yaushe na haife ka? Gemunka ya fi kaina furfura."

"To, Hajiya."

"Ban je ba tukuna."

"To, baiwar Allah, ni ke da karan nan. Ƙwadago na yi wa masu gonakin nan suka biya ni da shi."

"Shanu gare ka?"

"Ko ɗaya."

"Danga za ka yi?"

"A'a."

"To uban me za ka yi da shi?"

"Abincin gona ne. Ita za ta ci."

Na dube shi, na dubi Sanƙo. Na ce, "Wannan gawar? Bawan Allah, in daga asibiti ka gudo, faɗa mini in raka ka, ba nisa."

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya lakato farin abin nan da yatsa, ya miƙo mini wai in ɗanɗana. Na ce ya kai wa danginsa su ɗanɗana. Sai ya sa a harshensa, ya tofar, ya ce, "Gishiri ne da kanwa. Tokar da kike bari a nan kowace shekara 'yar'uwarsu ce. Ke ma da hannunki a cikin abin da ya same ta."

Ranar sai da masu wucewa suka taru. Na zage shi da Hausa, na ƙara masa da Fulatanci, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam tsakanina da karan, hannu a baya, kamar mai gadin banki. Ban kunna ashanar ba. Na tafi ina cewa sai na ga wanda zai hana ni baɗi. Baɗi ma ya hana ni. Haka muka yi ta yi shekara goma sha wani abu.

Matiyu mutumin Billiri ne, daga wani ƙauye a gindin dutse. Ubansa manomi ne irin waɗanda ba sa fitar da komai daga gona sai abin da za a ci. Kara, ganye, ɓawo, duk a inda suka fito suke ruɓewa. Ya shigo Gombe yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, ya yi leburanci, daga baya ya samu aikin lambu a GRA, gidan Alhaji Bamanga, wani babban ma'aikacin gwamnati. A gidan nan ƙuruciyarsa ta ƙare, yana ba ciyawa ruwa da safe yana aske ta da yamma. Ya taɓa ce mini abin da ya fi ci masa rai a aikin shi ne duk abin da ya shuka babu wanda ake sawa a tukunya. A can ya auri Becky, 'yar garinsu, mai tuyar ƙosai. Suka haifi mata biyu, waɗanda aure ya kai nesa, sai auta namiji, Desmond.

Da Alhaji ya yi ritaya zai koma Abuja wajen 'ya'yansa, sai ya tara mutane ya ce ya ba Matiyu fili kyauta, ladan amana. Aka yi ta sa albarka. Becky har da guɗa. Sai da suka je suka ga ashe Sanƙo ne. Alhaji ya saye shi ne a hannun wani mai noman rani da ya haƙa rijiya ya yi ta ba tumatir ruwan zartsi har ƙasar ta ƙone. Ba ta nomuwa, ba ta ginuwa, don kwari na cin gefenta. Masu hali sun iya kyauta. Ba sa ba ka abin da zai sa su waiwaya.

Becky ta zauna a ƙasa ta yi kukanta. Matiyu ya zagaya filin sannu a hankali, ya dawo ya tsaya a kanta.

"Tashi, Maman Desmond. Ba mutuwa ta yi ba. Tsirara aka bar ta a rana."

Yadda ya fahimci abin ke nan. Da rani, rana ce ke zuƙo ruwan cikin ƙasa zuwa sama, ruwan ya tafi ya bar gishirin a fuska. In ka lulluɓe ta da kara, rana ba za ta samu inda za ta zuƙa ba. In kuma ka binne wani karan a ciki ya ruɓe, ƙasar za ta saki jiki, ruwan sama ya samu hanya ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi. A baki ba wuya.

Shekarar farko ya binne karan yadda yake, dogo-dogo, ya shuka masara a kai. Ta fito ɗaya a nan ɗaya a can, rawaya kamar mai ciwon shawara, ta kai gwiwa ta tsaya, ta bushe a tsaye. Na bi ta wajen da gangan.

"Injiniya, yaya gona? Ta ci ta ƙoshi? Ta rage maka ɗan saura?"

"Na ba ta ɗanye ne, Mai Toka. Ya tsaya mata a ciki."

"To baɗi ka dafa mata, ka sa mata man shanu."

Ashe kusan hakan zai yi. Ya koma sassara karan da adda ƙanana-ƙanana, ya cakuɗa da kashin awaki, ya yayyafa ruwa ya bar shi ya fara ruɓewa kafin ya binne. Ya riƙa zuwa injin casar shinkafa yana kwaso ɓuntu, yana bin gidajen masu ƙuli-ƙuli yana roƙon ɓawon gyaɗa, yana turo su a kan wani tsohon keke da ba ya hawuwa. Ya cike rijiyar zartsin da duwatsu. Ya ja rami daga tsakiyar filin zuwa kwari don ruwan da ya wanke gishiri ya samu mafita. Bai taɓa kama filin gaba ɗaya ba. Kowace shekara sai ya ware wuri kamar faɗin ɗaki biyu, ya zuba masa duk abin da ya tara, ya bar sauran a rufe da kara.

Mutane na kashe gara, shi gaishe ta yake yi. In ya ɗaga kara ya ga ta kama, sai ya mayar a hankali ya ce ma'aikatansa suna bakin aiki, kar a dame su. Wai su ke huda masa ƙasa kyauta. Kuma kullum yana ɗanɗana ƙasar nan da harshe, kamar mai miya. Becky ta ce ta gaji da wanke riga mai warin ruɓa. A coci ma, in ji ta, mutane sun fara barin tazara a bencin da yake zama.

Amma Sanƙo ya fara gashi. Daga kusurwar gabas baƙin ya faro, yana cin farin kaɗan-kaɗan. Wake ya fara kamawa, sai dawa, sai masara. Shekarar da ya cire kuɓewar farko, har unguwarmu Shamaki ya zo da ita a ƙwarya, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Na fito.

"Ga gawa ta aiko miki da gaisuwa."

Na juya kuɓewar, na karya hancin ɗaya. Ɗanya shar. Na ce, "Ba laifi. Amma ka sani ba za ta yi yauƙi ba sai da tokata."

"Ki sa mata a tukunya. A gona ne ban yarda ba."

Na ba shi ƙullin toka ya kai wa Becky. Tun daga nan muka zama abin da muka zama. Ba zan ce abokai ba. Duk kaka sai na je na tsaya a bakin gonar na ce ya ba ni dami ɗaya, shi kuma ya ce ko sili ɗaya, in zage shi, ya cika mini zani da yakuwa, in tafi.

Ba ni kaɗai ya hana ba, kuma a nan ya tara wa kansa maƙiya. Zamani ya juya, kara ya yi daraja. Masu kiwon turke a cikin gari suna saye, an kawo injin da ke niƙe shi ya zama abincin shanu, kowane manomi yana yanke zangarniya mai mota na jiransa a bakin gona. Gonakin sai ka gan su an share su tas kamar tsakar gida. Matiyu kaɗai ke binne abin da ake sayarwa. Akwai Hamman, makiyayi, wanda tun zamanin ubansa shanunsu ke kiwon kaka a gangaren nan. Ya zo da girmamawa ya ce a bar shanu su ci, ai za su bar taki. Matiyu ya ce kofatonsu zai daddaɓe masa ƙasar da ya sha wuya kafin ta yi laushi. Hamman ya juya shanunsa, kuma bai ƙara gaishe shi ba. Maƙwabtan gona suka sa masa suna Marowacin Kara. Da masararsa ta fi tasu tsawo, sai suka ce ba kara kaɗai yake binnewa ba.

Har masu sayar da furanni na bakin titin GRA sun ji labarin ƙasar. Ɗaya daga cikinsu ya zo ya damƙi baƙar ƙasar nan ya shinshina, ya ce a sayar masa ko buhu biyu ne, masu sababbin gidaje na neman irinta ido rufe. Matiyu ya karɓe wadda ke hannun mutumin ya mayar inda ya ɗebo ta, ya ce ya kakkaɓe tafinsa kafin ya fita.

Duk wayon mutumin nan, abu ɗaya ya kasa. Bai taɓa barin ɗansa ya san gonar ba. Desmond na ƙarami in ya ɗauki fartanya sai ya karɓe, wai zai sare masa saiwa, wai zai taka inda ba a takawa. Da ya girma sai ya ce ya tsaya ga boko, ba ya son ɗansa ya yi warin ruɓa kamar ubansa. Yaron ya gama makaranta, aiki bai samu ba, ya buɗe teburin gyaran waya. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga wa ubansa murya ba. Yana cin masarar gonar, yana kai wa abokansa, yana alfahari da ita. Amma bai taɓa haƙa rami a cikinta ba. Bai san baƙin nan zurfinsa taƙi ɗaya ne da 'yan yatsu ba, kuma a ƙarƙashinsa Sanƙo na nan kwance yadda yake, yana jira.

Ciwon ya kama Matiyu ana gama girbi. Fitsari ya ƙi fita. Ya ɓoye har sai da ya faɗi a cikin gonar, tsakanin karan da ya tara zai sassara. A asibiti suka ce sai an yi aiki, kuma aikin ba na talaka ba ne. Coci ta yi karo-karo, 'yan matan suka aiko da abin da suka samu, Becky ta sayar da kaskonta da awakinta, bai kai ba. Aka kira Alhaji Bamanga a waya, ya ce Allah ya sawwaƙe, zai duba. Yana nan yana dubawa.

Matiyu ya san abin da ke zuciyar kowa. Ya sa aka kira Desmond bakin gado, ya sa Becky ta miƙo Littafi Mai Tsarki, ya ce ya ɗora hannu.

"Ka rantse ba za ka sayar da filin nan ba. Ko zan mutu."

"Dadi, ka bar wannan maganar."

"Ka rantse."

Ya rantse. Kuma bai karya ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Ni ban san an yi wannan ba. Na fita neman karana wata safiya, don a lokacin sai na yi nisa kafin in samu abin ƙonawa, na biyo ta gangaren sai na ji ƙarar mota. Tifa biyu a tsakiyar gonar Matiyu, leburori sun kai goma, kowa da shebur. Sun ture karan gefe guda, suna kankare baƙar ƙasar suna watsawa a mota. Inda suka wuce, fari ya fito. Maƙwabtan gona suna zaune a inuwar wata bishiya suna kallo, har da mai cin rake. Babu wanda ya tashi. Desmond na tsaye da mai furannin nan, idonsa ja wur, da gani bai yi barci ba.

Na yar da igiyata na nufe shi.

"Kai, ɗan nan! Me kake yi?"

"Goggo, sannu. Ba abin da kike zato ba ne. Fili na nan, ban sayar ba. Ƙasar sama kawai za su ɗiba."

"Ƙasar sama kawai?"

"Wallahi, Goggo. Iyaka na nan, komai na nan. In Dadi ya warke sai ya ci gaba da nomansa. Ai ƙasa ba ta ƙarewa."

Na kama hannunsa na ja shi inda aka kankare. Na lakato farin na ce buɗe bakinka. Ya zaci na haukace. Na ce buɗe, don ubanka da ke kwance. Ya taɓa a harshe, ya yamutsa fuska.

Na ce, "Wannan shi ne filin da aka ba ubanka. Wancan da ke cikin mota shi ya yi shi da hannunsa. Kara ne, da ɓuntu, da bayansa da ya ranƙwafe. Ka sayar da gonar ka riƙe wurin da take."

Ya dubi motar, ya dubi ƙasa. Na ga lokacin da abin ya shige shi. Amma sai ya ce, a hankali, "Goggo, gobe za a shiga da shi tiyata. Na riga na kai musu kuɗin. In na tsayar da motar nan, me zan ce wa likita?"

Ni mai baki ce, duk Shamaki an sani. Amma ranar sai na saki hannunsa. Na juya kan masu zaman inuwa na sauke musu abin da ke cikina, na ce Allah ya nuna mini ranar da za a kwashe nasu suna kallo. Ɗaya ya ce, "Mai Toka, ke da ya hana ki kara, ke ce mai tare masa?" Na ce abin da ke tsakanina da shi ya fi ƙarfin kanka. Motocin suka yi ta zirga-zirga har suka gama. Kusurwar gabas, inda baƙin ya fi zurfi, nan suka fi ci.

Aiki ya yi kyau. Matiyu ya tashi. Becky ta hana kowa ya faɗa masa, wai sai ya yi ƙarfi. Yana kwance yana lissafin inda zai sa wake bana, yana tambaya ko an rufe masa kusurwar yamma da kara kafin rana ta yi zafi, suna ce masa an rufe. Da ya fara takawa da sanda, bai nemi rakiyar kowa ba. Ya hau Keke Napep ya tafi ganin gonarsa.

Mai keken ne ya ba da labari. Ya ce tsohon ya sauka ya tsaya, ya juya ya ce masa ba nan ba ne, ka wuce da ni gaba. Sai ya hango tsohon kekensa jingine da tsibin kara. Ya taka har tsakiya, ya tsuguna da ƙyar, ya sa yatsa a ƙasa ya kai baki. Bai tofar ba.

Bai daki Desmond ba, bai zage shi ba. Da yaron ya durƙusa yana kuka, cewa ya yi, "Ka cika rantsuwarka. Tashi." Daga nan bai ƙara ce masa komai a kan gonar ba, kuma Becky ta ce gara ma a ce ya zage shi. Abincin gidan ya koma kamar na gidan makoki. Mutum uku a tabarma ɗaya, kowa na kallon kwanonsa.

Abu ɗaya ya yi wanda ba wanda ya zata. Ya matsa wa mai furannin sai da ya faɗa masa gidajen da aka kai ƙasar. Ya tafi GRA da sandarsa, unguwar da ya yi wa bauta tun yana da ƙarfi, ya tsaya a ƙofar wani sabon gida yana leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ga ta nan, an shimfiɗa ta, an dasa ciyawar ado, ana ba ta ruwan famfo. A tsakiyar ciyawar 'ya'yan kuɓewa da rama da suka zube a gonarsa sun tsiro, sun yi kore shar. Wani mai aikin lambu yana bi yana tuge su yana jefawa a kwandon shara. Mai gadi ya fito ya ce, Baba, ba a bara a nan.

Bayan wannan ne ya aiko Becky ta kira ni. Ta ce yana gona, ya ce lallai in zo da igiya.

Na same shi zaune a kan dutse a gefen tsibin karan, na girbin ƙarshe, wanda ciwo ya hana shi sassarawa. Ya rame, malafar ta yi masa yawa. Rana ta riga ta yi aikinta, filin ya koma fari fat daga iyaka zuwa iyaka, ramin da ya ja zuwa kwari kaɗai ya rage kamar tabo.

"Mai Toka, kin zo."

"Na zo, Injiniya. An ce an fasa ka an ɗinke. Sun ga hankali a ciki, ko babu tun asali?"

Ya ɗan murmusa. Ya nuna tsibin da sandarsa.

"Ga karanki. Kwashe duka. Ko ki ƙona a nan ma, kamar da. Babu abin da wuta za ta ɓata."

"A nan?"

"A nan. Jibi Becky za ta kai ni gida Billiri. An ce iskar can za ta fi mini." Ya dubi inda aka kwashe ƙasar. "Da sun bar ni na mutu, da tana nan."

"Da tana nan, kai kuma kana ƙarƙashinta. Sai wa zai ba ta abinci? Yaron da ka hana taɓa fartanya?"

Bai musa ba. Ya ce, "Na hana shi." Ya sake nuna karan. "Ɗauki. Shekara nawa kina roƙo."

Na dubi karan. Mai kyau ne, kauri kamar rake, irin wanda tokarsa ke cika buhu. Tun da nake ban taɓa ganin kara irin na gonar nan ba, kuma na san ba zan ƙara gani ba. Ashana na ƙulle a bakin zanina. Na ɗaga sili ɗaya daga ƙasan tsibin, sai ga gara ta kama shi, tana ta aikinta, ba wanda ya gaya mata an sallami ma'aikata. Na mayar da shi yadda na gan shi yana mayarwa.

Ya tafi Billiri jibin, kamar yadda ya ce. Bai ga damina ba. Ciwon bai dawo ba, in ji Becky, abinci ne kawai ya daina shiga. Filin na nan, ba a sayar ba. Desmond na zuwa wani lokaci ya tsaya a bakinsa da waya a hannu, ya koma. Karan ya ruɓe a inda yake, kuma in ka bi ta wajen za ka ga wani ɗan baƙi-baƙi a tsakiyar farin, faɗin tabarma, da ciyawa a kai. Iyakar abin da ya rage na Matiyu a Gombe ke nan.

Amma ranar, da na naɗe igiyata zan tafi, ya kira ni ya ce, "Ba ki ɗauka ba." Na juyo na dube shi, na ce:

"Lokacin da yake da mai ci ka hana ni. Yau da aka kwashe mai cin a mota kake mini kyauta? A gidan Alhaji Bamanga ka koyo wannan. Riƙe abinka, Matiyu. In ba za ka iya ɗaga adda ba, ɗanka na da hannu biyu, kira shi ka nuna masa inda ake sarewa. Ni toka nake sayarwa, amma ban taɓa ƙona abincin mara lafiya ba."